Hannu a Gefen Hoto

Birnin Gwari,
23 ga Agusta, 1965.

Zuwa ga taubashiyata kuma baiwata, Aminatu ta Kaduna.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Audi da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Ki ce mata na ba direban motar wasiƙu man kaɗanya ya kawo, ta riƙa shafawa safe da yamma. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗagawa. Maiɗakina Ruƙayyatu tana gaishe ki.

Bayan haka, yau ubangidanki ne ya zo da roƙo, kada ki yi dariya. Kin san Enoch Bakoji, mutumin Gayam, wanda ya yi kanikanci a wani gareji can wajenku. Shekara guda ke nan da ya ajiye aikin ya dawo muka haɗa kai a maƙerata. Mun ƙera injin ɓare gyaɗa. Ba irin wanda ake kawowa daga waje ba ne, da in ya lalace sai a jingine shi kaji su riƙa kwana a kai. Namu da rabin duro muka yi shi da sifirin tsohuwar mota, mutum ɗaya ke juya shi. Abin da mata huɗu za su yini suna dakawa a turmi, shi kafin azahar ya gama, kuma tsabar ba ta farfashewa. Ke ma kin san mai awo ba ya son fasasshiyar gyaɗa.

Ni na yi ƙira, amma gaskiya ɗaya ce, asirin abin yana wajen Enoch. Akwai wata rariyar ƙarfe a ciki. In ramukanta suka yi faɗi, gyaɗa ta wuce da ɓawonta, in suka matse ta niƙe. Sau goma sha huɗu muna sakewa. A na tara ne injin ya cinye masa kan yatsansa na tsakiya a hannun dama. Ya ɗaure da tsumma, washegari ya riga ni zuwa maƙera.

To ga inda gizo ke saƙa. Mun ƙera uku, ɗaya tak aka saya. In ka wuce ƙauyen Tabanni ba wanda ya san da mu. Tsohon maigidan Enoch ya aiko masa cewa gurbinsa na nan har ƙarshen Oktoba, in ya wuce haka zai sa wani. Enoch bai ce zai tafi ba, amma na ga bai yaga takardar ba. In ya tafi, na koma ƙirar fartanya da lauje har in mutu.

Ke kuwa kina zaune a cikin gidan jarida kullum kina ƙwanƙwasa tafireta. Jaridar taku ba abin da take bugawa sai wane ya sauka daga jirgi, wane ya buɗe taro. Ashe talaka sai ya yi sata sannan sunansa zai shiga? Haba! Ki sa su turo mutum ya gani da idonsa kafin kaka ta yi. Shugabannin ƙungiyoyin gama-kai na manoma suna karanta ku, in suka gani za su neme mu.

Wasalam. Ni ne ubangidanki,
Idrisu Maƙeri.

Tudun Wada, Kaduna,
2 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga bawana Idrisu, mai baƙin hannu.

Ina gaishe ka, ina gaida Ruƙayyatu. Man kaɗanya ya iso, Inna ta sa maka albarka, ƙafar da sauƙi. Takardarka ma ta iso. Malam Audi ya ce in tambaye ka ko da awartaki kake riƙe alƙalami.

Ka ji ka, wai in sa su turo mutum! Kana zaton ni ce mai jaridar? Ni mai buga abin da aka miƙo mini ce, ko tari na yi da ƙarfi sai an waiwayo. Shekara uku ina wurin nan ban taɓa roƙon edita komai ba. Saboda kai na shiga ofishinsa har sau uku. Ran farko ya ce ƙirar ƙauye ba labari ba ce. Rana ta biyu bai ɗago kai ba. Rana ta uku na ce masa mutum ya rasa yatsa a kan injin, nan fa ya ajiye alƙalami.

Za a turo Malam Maliki, ɗan jarida ne, shi ke ɗaukar hoto kuma. Zai iso ran Laraba, ya kwana, ya ga injin ran Alhamis tara ga wata, ya biyo motar yamma. Ba zai sake zuwa ba, don haka ka buɗe kunnenka da kyau.

Ka sauke shi a gida mai kyau, ɗan birni ne, sauro ɗaya ya cije shi sai ya shiga labarin. Ka wanke hannun nan naka da toka. Abin da ya fi duka, ka yi magana. Na san ka, a takarda kai zaki ne, a gaban baƙo kuwa sai ka riƙa ƙirga yatsun ƙafarka. Maliki ba ya tono, abin da aka gaya masa shi yake rubutawa, yana rubutawa yana duban agogo. Ka faɗi sunanka, ka faɗi na Enoch, ka sa ya karanta maka ka ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Uwargijiyarka,
Aminatu.

Birnin Gwari,
20 ga Satumba, 1965.

Aminatu,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ki gaida Gwaggo.

Wallahi da na san abin da za ki jawo mini ke nan, da na bar injin nan a ƙarƙashin buhu tsatsa ta cinye shi. Jaridarku ta iso yau. A tashar mota aka karanta ta, mutum ya fi talatin a tsaye, ni ma ina ciki ina washe baki. Sai na ji an ce, “Dattijo Ya Ƙera Injin Ɓare Gyaɗa a Birnin Gwari.” Na ce wane dattijo? Aka miƙo mini na duba.

Baba Alhaji ne, surukina, zaune a kujera cikin babbar riga, hannunsa a kan injinmu. Mutumin da tun da Allah ya yi shi bai taɓa zuga wuta ba! Ni kuwa ga ni can ƙasa a durƙushe, ba takalmi. Kin san abin da aka rubuta a ƙarƙashi? Wai Alhaji da injinsa, tare da ɗaya daga cikin barorinsa. Ni, jikan maƙeran da suka ƙera wa garin nan masu da kibau, ni ne bara! Tir da wannan aiki.

Na Enoch ya fi nawa ciwo. Ba sunansa ko sau ɗaya. A hoton ma an yanke shi. Ba abin da ya rage sai hannunsa a gefe, riƙe da ƙwarya yana zuba gyaɗa, ga guntun yatsan ana gani sarai. Da na kai masa ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini, ya ɗauki zarto ya ci gaba da aiki.

Ke kika ce in sauke baƙo a gida mai kyau. Ɗakina yana yoyo, ina zan kai shi in ba gidan Baba Alhaji ba, mai soro da gadon ƙarfe? Da safe kuma Malikin naku ya leƙa maƙera ya ce duhu ya yi yawa, hoto ba zai fita ba, a kai injin ƙofar gidan da ya sauka. Muka ɗauka muka kai. Baba Alhaji ya fito, aka ajiye masa kujera. To me kike so in yi? In tsaya ƙerere da takalmi a kan surukina?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yanzu ko'ina injin Alhaji ake cewa. Ki gaya wa editan naku ya gyara a fitowa ta gaba, da manyan baƙaƙe, a shafin farko. Malikin nan kuma in ya sake taka garin nan ya nemi wani masauki.

Idrisu.

Tudun Wada, Kaduna,
25 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga Idrisu.

Gaisuwa. Inna lafiya, ƙaramin yaro ne ya yi zazzaɓi, ya warke.

Sannu da zagi. Ni da na zubar da mutuncina a ofis saboda kai, ni ce yau na jawo maka? Bari in gaya maka, ni na buga labarin nan da yatsuna. Da na ga sunan da ke ciki sai da na tashi tsaye. Tunda kai bakinka ba ya iya ɗaukar sunansa, ni zan faɗa: Alhaji Jaji. Na bi Maliki har bakin ƙofa na ce an yi kuskure. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini, ya ba ni labarin yadda aka yi tiryan-tiryan.

Ya ce ya tambaya wa ya ƙera wannan abu. Shiru. Ya sake tambaya, yana duban mutumin da ke durƙushe, don ya ga hannunsa irin na maƙera ne. Mutumin ya ƙara sunkuyar da kai. Ya tambaya na uku. Sai mai kujera ya yi gyaran murya ya ce sun daɗe suna fama da shi a gidan nan, Allah ya ba da sa'a. Daga nan duk tambayar da ya yi, mai kujera ne ya amsa. Da ya ce wannan fa na ƙasa, wane ne, aka ce yaron gida ne. Kai kuma ka ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Kalma biyar ke nan da ka furta a ranar, ya ƙirga.

Na gaya masa surukinka ne, ba ka iya ɗaga murya a gabansa. Ya ce shi ba boka ba ne da zai san wanda ya auri ’yar wani. Hoton kuma ba mugunta aka yi ba, shafi ne ya matse, mai tsarawa ya datse gefen da ba a ba shi suna ba.

Duk da haka na koma wajen edita, karo na huɗu. Ya ce jarida ba ta lashe amanta don mai tafireta ta ce taubashinta ne. Gobe wani ma zai taso ya ce shi ya ƙera. Sharaɗinsa ɗaya ne: a kawo takarda da sa hannun wanda fuskarsa ta fito a hoton, yana cewa abin da aka buga ba haka yake ba. Fuska biyu ce a hoton nan, taka da ta Alhaji Jaji. Enoch ko takarda goma ya rubuto ba za a duba ba, don hannu ba ya shaida.

Saboda haka ko dai ka rubuto da kanka, ko ka je ka sami surukinka ka roƙe shi ya rubuto. Ka yi sauri. Labari in ya kwana biyu ba a waiwayarsa.

Aminatu.

Birnin Gwari,
4 ga Oktoba, 1965.

Aminatu,

Lafiya dai ko? In lafiya, to na gode. Sati biyu ke nan ba amsa. Jarida ta sake fitowa, wani fasinja da ya zagayo ta Funtuwa ya zo da ita, na duba har tallan sabulu, ba gyara. Na gane. Kin zama ’yar birni, kina jin kunyar a ce baran da ke durƙushe ɗan kawunki ne. Ba komai. Da Gwaggo ta san yadda kika yi da ni da ba ta ji daɗi ba, amma ba daga bakina za ta ji ba.

Enoch yana zuwa aiki, yana gaishe ni, ina amsawa. Iyakarta ke nan.

Idrisu.

Birnin Gwari,
10 ga Oktoba, 1965.

Zuwa ga taubashiyata Aminatu.

Gaisuwa da ban haƙuri. Jiya takardarki ta iso, ta jiƙe ta bushe. Ashe ruwa ne ya ci bakin gada a hanyar Kaduna, motar wasiƙu ta yi kwana goma sha biyu ba ta ƙetaro ba. Wadda na rubuto miki ran huɗu ga wata ki sa ta a murhu. Allah ya ƙara wa yaro lafiya.

Amma abin da editanku ya nema, ina! Ko ya san abin da yake cewa kuwa? In rubuta da hannuna, a buga a jarida, Arewa duka ta karanta cewa surukina ya faɗi abin da ba haka ba? Mutumin da ya ba ni ’yarsa ina da zugazugi ɗaya da riga biyu? Shekara tara ban ci abinci a gabansa ba, ban kira sunansa ba, in na hango shi a hanya sai in ratse in cire takalmi. Ba tsoro ba ne, haka muka tarar. Shi editan ba shi da suruki ne? Ke ma da kike zuga ni, kina iya kallon idon uwar Malam Audi ki ce Inna kin yi kuskure?

Baba Alhaji kuma tun da abin ya faru bai ce mini komai ba. Ko kasuwa ya daina fita. Mai gidan waya ya ce takardu bakwai sun zo da sunansa, daga Funtuwa, daga Kontagora, har da Gusau. Bai aiko mini ko ɗaya ba. Raina yana ɓaci, amma ina haɗiyewa.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar nan, da Maliki ya yi tambaya ta biyu, Enoch ya buɗe baki zai yi magana. Ni na ƙifta masa ido ya yi shiru. Don ni ya yi shiru.

Shekaranjiya na ce masa ya yi haƙuri, ai ga masu nema sun fara aikowa, suna ba ya cika tumbi. Ya ajiye guduma. Ya ce ran Lahadi bayan an tashi daga coci a Gayam, malamin makaranta yana nuna wa mutane jaridar, sai tsohuwarsa, Mama Lydia, ta karɓa. Ba ta karatu. Ta ɗora yatsa a gefen hoton ta ce, “Wannan hannun ɗana ne. Ina sauransa?” Mutane suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sannan ya ce, “Idrisu, in ka ba da sunanka saboda kunya, naka ne, ka yi kyauta da shi. Amma Alhaji ba surukina ba ne. Don me ni zan biya kuɗin kunyarka?”

Ya ce yana nan har ƙarshen wata. Ki taimake ni ki nemo wata hanya. Ba za a iya cewa kuskuren injin buga jarida ba ne?

Idrisu.

Tudun Wada, Kaduna,
16 ga Oktoba, 1965.

Idrisu,

Muna lafiya. Takardarka ta zagi ban sa ta a murhu ba, na adana, ranar da ka yi arziki zan karanta maka a gaban ’ya’yanka.

Babu wata hanya. Injin buga jarida bai ƙifta wa kowa ido ba.

Ka tambaye ni ko ina iya gaya wa uwar mijina ta yi kuskure. A kan abin da ya shafe ni, ba na iyawa, na sha haɗiyewa. Amma wannan ba naka ba ne kai kaɗai. Ka ɗauki haƙƙin mutum ka shimfiɗa wa surukinka ya zauna, yanzu kana cewa ladabi ya hana ka ce ya ɗaga. Wane irin ladabi ne wannan? Mutumin nan ya bar albashi ya biyo ka, ya bar yatsa a cikin injinka, ya rufe baki don ka ƙifta masa ido. Wallahi da ni ce shi, ranar nan zan naɗe tabarmata.

Ba wanda ya ce ka zagi Alhaji Jaji. Ka rubuta gaskiya a layi huɗu, ka kai masa, ka durƙusa yadda ka saba, ka karanta masa. In ya kore ka, ka dai faɗa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kwana goma sha biyar suka rage, kuma ban san ko gada za ta sake tafiya ba.

Aminatu.

Birnin Gwari,
1 ga Nuwamba, 1965.

Zuwa ga Aminatu.

Ina gaishe ki da Gwaggo da mutanen gida. Mu jiki lafiya.

Ga takardar nan a ciki. Ki kai wa editan, ki tsaya a kansa har ya karanta. Ki tabbata sunan Enoch ne a gaba, nawa a baya, haka na rubuta, kada wani mai tsarawa ya juya.

Tun ran ashirin da ɗaya na rubuta ta. Sau uku ina zuwa zauren Baba Alhaji da ita a aljihu. Kowane zuwa in durƙusa, in gaishe shi, in tambayi gajiya, in tambayi gona, in tashi. Ran Asabar na raka Enoch tasha. Na ce masa takardar tana aljihuna, na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Ya dubi aljihun ya ce, “Can ta dace.” Ya hau mota. Bai yi fushi ba, da ya yi fushi ma da ya fi mini sauƙi.

Daga tasha ban biya gida ba. Na tarar da Baba Alhaji shi kaɗai a zaure. Na durƙusa, ban tsaya tambayar gona ba, na fito da takardar na karanta. Da na kai inda sunansa yake na tsaya cak. Ya ce, “Karanta mana, ai sunana ne, ba zagi ba ne.” Na karanta.

Da na gama ya ce, “Ashe kana magana. Shekara tara ina zaton bebe na ba ’yata.”

Daga nan ya hau ni da faɗa. Aminatu, ni da na zo da ƙara, ni aka yi wa shari’a. Ya ce, “Baƙo ya yi tambaya sau uku a ƙofar gidana, alƙalami a sama. Na dube ka, ka kafa kai a ƙasa. Na dubi abokinka, ka hana shi, ina gani. In bar baƙo yana magana da iska? A koma Kaduna a ce gidan Jaji ba a amsa wa mutane? Na faɗi abin da ya zo bakina. Da aka karanta mini abin da suka buga, kunya ta hana ni fita kasuwa. Kowa ya gan ni sai ya ce in gyara masa garma.”

Na ce to takardun da aka aiko fa? Ya ɗaga buzunsa. Ga su nan, goma sha ɗaya, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ya ce yana jira in zo in tambaya. Shi ba zai kira ni ba, kada a ce suruki ya sa wa mijin ’yarsa ido a sana’a. Kin ji fa! Ina jiransa, yana jirana, kwana arba’in, Enoch yana tsakiya.

Ya sa aka kawo tawada ya sa hannu da ajami a ƙarƙashin nawa. Yana ba ni ya ce, “Amma hoton dai ya yi kyau, kada su ce in mayar.”

Ban san da wa zan yi fushi ba yanzu. Na buɗe takardun, mutum tara ke son inji kafin a gama kaka. Na shiga maƙera na dubi rariyar da Enoch ya fara bai gama ba, na rasa inda zan sa mata baki. Garejin yana Kakuri. Don Allah ki nemi Enoch can ki nuna masa takardar.

Idrisu.

Tudun Wada, Kaduna,
13 ga Nuwamba, 1965.

Zuwa ga ɗan’uwana Idrisu.

Gaisuwa. Inna ta ce a gaya maka tana yi maka addu’a. Kowa lafiya.

An buga. Ga shi na yanko maka. Kada ka nemi shafin farko, yana shafi na bakwai, ƙarƙashin tallan maganin tari. Layi huɗu ne, na auna da yatsana, bai kai gaɓa biyu ba. Labarin ƙarya ya ci rabin shafi da hoto, gaskiya ta samu wannan. Na yi magana, edita ya ce in gode Allah. Amma sunan Enoch ne a gaba. Na tsaya a kan mai haɗa baƙaƙe har ya gama.

Malam Audi ya nemo Enoch a Kakuri, jiya ya zo ofishinmu da kayan aiki a jikinsa. Na ba shi jaridar, na ba shi takardarka ta ainihi, mai sa hannu biyu. Ya karanta jaridar sau ɗaya. Takardarka kuwa ya daɗe a kanta. Ya tambaye ni ranar da ka karanta wa Alhaji, na ce ranar da ya hau mota. Ya ce, “Ashe tafiyata ya yi ta jira.”

Ba zai dawo ba, Idrisu. Gara ka ji daga gare ni. Ran Litinin bayan ya iso ya sa hannu a takardar shekara biyu, kuma ya ce shi ba ya warware abin da ya sa wa hannu. Na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Ban ga laifinsa ba, kai ma kada ka gani.

Da zai tafi ya ciro wani ɗan ƙarfe daga aljihu, naɗe a tsumma, mai tsini biyu. Ya ce ma’aunin ramukan rariya ne. Ƙaramin tsini ya shiga rami, babba ya ƙi shiga, in ka kiyaye wannan ba za ka niƙa wa kowa gyaɗa ba. Ya ce bai yi niyyar tahowa da shi ba, a aljihu ya tsince shi. Ban yarda ba, amma na karɓa. Na ba direban motar wasiƙu, ka karɓa hannu da hannu.

Ya sayi jarida biyu da kuɗinsa, ya hana ni biya. Ɗaya ya ninke ya sa a aljihu. Ɗayar tana cikin ambulan ɗin nan tare da taka, kada ka haɗa su. Ta Mama Lydia ce. Ya ce kada ka aika kowa, kada ka ba malamin makaranta. Kai da ƙafarka za ka je Gayam ran Lahadi, lokacin da aka taso daga coci, mutanen da suka yi dariya suna nan. Ta tambaya ina sauran ɗanta, ba a ba ta amsa ba.

Ya ce ka karanta mata da ƙarfi, kuma a tsaye.

Taubashiyarka,
Aminatu.